Baiti Na Biyu Bai Fita Ba

Duk shekarun da na yi ina aikin malamin gona, babu ranar da ta tsaya mini a rai kamar wata Alhamis bayan an gama roron wake, shekara uku da suka wuce. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kun sha jin ana ce mini Mawaƙi a ofis, kuna dariya ba ku san asalin sunan ba. Yau zan faɗa muku.

Lokacin ina mataki na takwas a sashen noma na ƙaramar hukumarmu, ƙauyuka bakwai ne a hannuna. Aikin malamin gona shi ne ya ɗauki abin da aka sani a ofis ya kai wa manomi har gona. A shekarar, saƙon da aka ɗora mana shi ne mutane su daina zuba hodar kashe ƙwari a waken da za a ci, domin guba ce. Su koma buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda in an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu da kansa. Na yi taro a ƙofar masallatai har muryata ta dushe. Ana gyaɗa kai, ana watsewa, ana mantawa.

Sai na ce bari in yi waƙa. Ban taɓa yin waƙa ba a rayuwata, ko a makaranta ni ne wanda ake ce wa ya yi shiru ya riƙa motsa baki. Amma na ga kowa da waya a aljihu, har masu kiwo. Na tsara ta kamar musu: baiti na farko wani malalacin manomi, Tanko, yana kurin dabararsa ta zuba hoda, baiti na biyu malamin gona ya ƙaryata shi ya faɗi gaskiya. Ni a ganina wannan hikima ce babba.

Malam Haladu, mai kula da sitonmu, shi ya buga mini jarka. A cikin sito muka ɗauka, tsakanin buhunan iri, ya jingina wayata tana kallon wani buhu don na ce fuskata ba za ta fito ba. Sau shida muna sakewa. Sau ɗaya zakara, sau biyu injin niƙa na maƙwabta, sauran kuwa dariyar Haladu. A na bakwai ta yi. Bayan kiɗan jarka da gaisuwar manoma, na fara:

Manoma ku ji dabara,
In kuna son wake ya kai bazara,
Ku zuba masa hoda ku ƙara,
Ƙwaro ya mutu, babu asara.

Daga nan sai in sauya murya in ce, "Kai Tanko, wannan ba dabara ba ce, hodar nan guba ce," in ci gaba da bayanin buhu mai leda.

Ƙa'ida ita ce duk saƙon da zai fita ga jama'a sai shugaban sashe ya gani ya sa hannu. Ni kuwa kunya ta hana ni kai masa. Na ɗora ta a satatus, wurin nan na manhajar hira da ake sa abu kowa ya gani na kwana ɗaya. Ban buɗe na saurara ba, domin jin muryata a waya yana sa ni jin kamar in nutse.

Bayan kwana huɗu na shiga kasuwa. Mai shagon caji ya ɗaga mini hannu, ya ce waƙata ya fi tura wa mutane a makon nan. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na wuce rumfar mai sayar da maganin feshi, mutumin da shekara biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau saboda wa'azina. Sai ga shi ya taso har da miƙo goro.

"Malam, Allah ya saka da alheri. Ai gaskiya ba ta ɓuya."

Na karɓi goron ina kallonsa. Na ce a raina ko dai mutumin nan ya tuba ne? Kan teburinsa kuwa hodar ta kusa ƙarewa, mutum uku na tsaye suna jira. Na tafi gida ina juya maganar, na kasa gane kanta.

Ranar Alhamis da safe shugaban sashe, Alhaji Garba, ya aiko a kira ni. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, shi ya sa muke tsoronsa. Ya ajiye wayarsa a tebur ya danna. Jarkar Haladu, gaisuwa, baiti na farko, "babu asara", sai shiru.

Na ce, "Yallaɓai, a bari ta ci gaba."

Ya ce, "Ta ƙare, Malam Sani."

"Ai akwai baiti na biyu."

"A ina?"

Na ciro tawa wayar na kunna masa, ga ta nan cikakkiya, minti uku. Na dubi tasa, na dubi tawa. Wallahi har na fara zargin wani maƙiyi ne ya yanke mini ita. Sai Hajiya Rabi, mai buga takardunmu, ta leƙo ta ce ai satatus rabin minti kawai yake ɗauka, sauran ya zubar, kowa ya san haka. Kowa ban da ni. Sunan Tanko ma a baiti na biyu yake. Abin da ƙauyuka bakwai suka ji shi ne malaminsu na gona, da muryarsa, yana cewa a zuba hoda a ƙara.

Alhaji Garba ya ce takardar neman bahasi za ta jira ni. "Yanzu wa ka sani da zai bi maganarka ba tare da ya tambaya ba?"

Ban yi tunani ba na ce Baba Ɗanladi na Gidan Tsamiya. Dattijo ne mai iyali goma sha ɗaya, duk abin da na ce a gwada shi ne na farko. Na hau babur na nufi gidansa.

Na same shi a zaure yana gyaran igiya. Ban ma gama gaisuwa ba na tambayi wakensa. Ya ce buhu biyu ne, ya zuba musu hoda shekaranjiya, har ya ƙara kamar yadda na ce. Buhunan leda da na kawo masa bara suna nan a ninke. Na ce an ci? Ya ce matarsa Inna Hajara ta ɗebi kwano ɗaya ta jiƙa, za ta yi wa jikoki alale. Na roƙe shi ya shiga da gudu. Ya fito da ƙwarya a hannu, waken na ciki ya kumbura, ba a kai ga markaɗawa ba. Na zauna a ƙasa.

Na kunna masa waƙar gaba ɗaya. Ya saurara har ƙarshe, kansa a sunkuye. Sannan ya ce, "To Malam, duka biyun muryarka ce. Wanne ne naka?"

Na ce na biyun.

"Me ya sa ba ka fara da naka ba?"

Ya ce shi ma da ya ji ya yi mamaki, amma ya ɗauka ilimi ne ya sauya, tunda mu ma'aikata kullum da sabon abu muke zuwa. Waken nan bai ciwu ba, sai dai aka ajiye shi iri. Na kai masa buhu ɗaya daga gonata, ya karɓa, kuma karɓar nan ta fi mini takardar bahasi ciwo.

Mako biyu ni da Haladu muna zagaya ƙauyuka gida-gida. Allah ya kiyaye, ba a rasa kowa ba, amma gidaje da yawa sun rasa waken ci na shekarar. Na sake waƙar, wannan karon layin farko shi ne "Hodar nan guba ce", Alhaji Garba ya saurara ya sa hannu, Hajiya Rabi ta ɗora.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, manomin da ya yarda da kai ba ya jiran baiti na biyu. Abin da ka fara faɗa shi zai ɗauka ya tafi gona da shi, don haka ka fara da gaskiyar, wasan ya biyo baya.

Sabuwar waƙar ba ta yi farin jinin tsohuwar ba. Har yau in ina wucewa ta wani ƙauye lokacin roro, nakan jiyo mata a bayan danga suna sussuka suna rera "ku zuba masa hoda ku ƙara". Sai in kashe babur, in yi sallama, in tsaya a bakin danga da muryar nan tawa in rera musu baiti na biyu.