Hoton da Bartholomew Ya Ɗauka

Duk wanda ya yi biki ko suna a Nassarawa GRA ya san tsawar Bartholomew mai hoto: "Hajiya, matso! Ɗaga haɓa!" Mutumin Wusasa ne, gajere, ga yawan gumi, ya zo Kano tun ana wanke fim. Shagon ɗinkina yana jikin nasa, har faɗan shara muke yi, don haka na san halinsa. Ba ya shakkar kowa. Abu ɗaya ke kaɗa masa hanji, wato hoton wani ya ɓace a hannunsa.

Saboda wannan tsoron ne 'yarsa Amanda, mai aikin kwamfuta a Abuja, ta kama masa hayar saba a intanet, kwamfutar da bai taɓa gani da idonsa ba. Ta kwashe aikinsa kaf ta zuba a ciki. Tsofaffin faifayensa kuwa ɗigar rufi ta gama da su, bai ko damu ba.

Rannan Hajiya Kande ta zo daga Giginyu. Ɗanta Kabiru ya rasu a haɗarin mota, wayarsa ta ƙone tare da motar, yaron kuma ba mai son hoto ba ne. Na walimar saukarsa kawai ta sani, wanda Bartholomew ya ɗauka, shi ta zo nema. Ya ce ta dawo bayan la'asar.

Ya buɗe sabar, ga hotunan walimar nan ƙanana a jere a fuskar kwamfuta, amma ko ɗaya ya ƙi saukowa. Wasu 'yan kutse ne suka shiga suka dagula ta. Ya kira Amanda tana tsakiyar taro, ina jin muryarta daga inda nake zaune.

"Baba, sai an mayar da ita sabuwa fil, komai zai goge. Amma ka ɗauki hoto tukuna. Kada ka danna wurin gogewa sai ka ɗauki hoto!"

Ashe su 'yan kwamfuta, hoto suke ce wa kwafin sabar gaba ɗaya, wanda ake adanawa gefe kafin a goge. To, mutumin da ya tsufa da kyamara aka ce wa ya ɗauki hoto. Ya saki labule don haske kada ya ɓata, ya kafa kyamara, ya ɗauki fuskar kwamfutar tsaf. Sannan ya danna.

Da sabar ta dawo, wayam. Ya sake kira, Amanda ta ce a hankali, "Baba, wane irin hoto ka ɗauka?"

Ban taɓa ganin tsoro irin na ranar ba. Ya zube a bencina. Duk Keke Napep ɗin da ya tsaya sai ya zabura. Ya ce zai kulle shago ya tafi, na ce wallahi ya taɓa kwaɗon nan ni zan nuna wa Hajiya gidansa.

Aka kira la'asar. Sai ya miƙe ya buɗe wancan hoton na banza. A kusurwa, cikin ƙananan hotunan, ga Kabiru bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ya yi ta faɗaɗa shi har fuskar ta narke, ya buga a haka.

Hajiya ta iso. Ya durƙusa, ya faɗa mata komai, ya miƙa mata hoton. Ta karɓa, ta kai kusa da ido, ta nesanta, ta sake kusantowa.

"Babu wanda ya fi wannan fitowa, Malam?"

"Babu, Hajiya."

Ta shafa takardar da yatsa, daidai inda fuska ya kamata ta kasance.

"Hularsa ce," in ji ta. "Ni na saya masa."