Turakun Baba Mai Tsani

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana hawa turakun waya, har sunansa ya ɓace a unguwa, kowa sai Baba Mai Tsani. Da ya yi ritaya, kamfanin wayar ya sallame shi da agogon bango da 'yan hannun jari. Agogon bai shekara ba ya tsaya. Takardar hannun jarin kuwa ya sa ta a gilashi ya rataye a falo, kuma tun ranar yake ƙirga kansa cikin masu kamfani. Kullum da safe sai ya bi layinsu yana duba turaku goma sha huɗun da ya kafa da hannunsa, ya ƙwanƙwasa wannan, ya girgiza wancan. Matarsa takan ce ko jikokinsa ba su samu wannan kulawar ba.

Wata rana wasiƙa ta zo, wani babban kamfani ya saye nasu. An ba shi zaɓi: ko ya karɓi kuɗi a farashin da ya ɗara na kasuwa, ko a musanya masa da hannun jarin sabon kamfanin. 'Yarsa, malamar makaranta, ta yi masa bayani dalla-dalla cewa mai sayen da bashi ya yi cinikin, kuma masu hannun jarinsa ne za su ɗauki nauyin.

"Baba, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki," in ji ta.

"In na karɓi kuɗin, turakun nan sun zama na wa?"

Musanya ya zaɓa. Kafin shekara ta zagayo farashin ya faɗi kusan rabi. 'Yar ba ta taɓa yi masa gori ba, shirun nata ma ya fi yi masa ciwo. Amma yakan lallashi kansa da cewa turakun na nan tsaye, kuma har yanzu da rabonsa a cikinsu.

Ashe sabon kamfanin yana da nasa layin waya binne a ƙarƙashin titin, bai ga amfanin riƙe biyu ba. Ma'aikata suka zo da babbar mota don cire turakun. Baba ya fito da niyyar faɗa, sai ya ga suna shirin kwance waya ta ɓangaren da turken zai faɗa kan shagon tela. Mai hali ba ya fasa halinsa. Shi ya nuna musu inda za su fara, turke bayan turke, har na goma sha huɗu.

Bayan wata shida 'yar ta shigo da murna. Kamfani ya rage kashe kuɗi, farashi ya haura inda yake tun farko, ashe Baba ne da gaskiya. Ya tambaye ta me aka rage, ta karanta masa: tsofaffin layuka da turaku.

Ya daɗe yana kallon takardar da ke bango.

"To, ki sayar," ya ce. "Ba ni da sauran abin dubawa."