Saƙon da Inna Ta Ba Kaza

A gidanmu na Boɗinga wutar tuwon dare ba ta mutuwa da wuri. In an kwashe tuwo an sallaci isha'i, sai kakata Inna Tumba ta jawo tabarmarta bakin murhu, ta tura kara biyu-uku cikin garwashi, ta ɗauko mazarinta da ɗan kwandon auduga. Mu jikoki kuwa mu kewaye ta, kowa na neman gefen da hayaƙi ba ya bi. Ko a cikin zafin bazara sai ta hura wutar nan, wai tana son ganin fuskar wanda ya fara gyangyaɗi don ta dungure masa kai. Haƙori ɗaya ya rage mata a gaba, shi ma yana girgiɗi. In na tsokane ta na ce ta ba ni shi in yi wasan cara da shi, sai ta ce, "Kulu, ke dai Allah shi kai ki, mu ga naki nawa za su rage."

Zamanin Turawa ne, ana ta cewa za su tafi amma ba su tafi ba. Motocin da ke bin hanyar Sakkwato zuwa Shagari ba su da yawa, kuma ɗaya daga cikinsu ta babana ce, Ummaru direba. Tsohuwar babbar mota ce mai bodin katako, wadda ta ga yaƙi kafin ta ga Boɗinga. A bayan dangar gidanmu take kwana, daidai inda Inna ke jingina bayanta.

Babana ɗan farin Inna ne, don haka ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta zama inda ya zauna. "Wancan" take ce masa, ko "mai ƙarhe". Yana tsaye a tsakar gida za ta dube ni ta ce, "Ce ma wancan ruwan wanka nai na hucewa." Shi ma ta bakina zai amsa. Muna yara abin dariya muka ɗauke shi. Amma na sha lura, in ya yi dare a hanya, mazarin Inna ba ya juyawa sai ta jiyo kukan injinsa daga wajen Sifawa.

Idonta ya yi rauni, kunnenta kuwa ko faɗuwar allura ba ta wuce shi. Ita ta fara jin motar ta sake murya. Duk sa'ad da ta hau gargadar ƙofar gida sai a ji ƙwas, ƙwas daga ƙafafun gaba. A can akwai wata gaɓar ƙarfe mai kai kamar ƙwallo, tana zaune cikin ɗan kwaminta, ita ke riƙe taya ta sa ta bi inda sitiyari ya nufa. Makanikai na ce mata boljoyin. Kowace ƙafa da tata, kuma jar hanyar nan mai gargada ta cinye su duka biyu. In babana ya ɗaga motar ya kama taya ya girgiza, sai ta yi ta lilo a hannunsa. Har yakan ce mini, "Duba, Kulu, awa haƙorin kakarki."

A lokacin ba a samun irin wannan kaya a Sakkwato sai an dace. Sai da ya yi sautu Kano, aka sako a jirgin ƙasa zuwa Gusau, aka yi ta jira har muka manta. Ranar da suka iso, naɗe cikin takarda mai maiƙo, ya baje su bisa buhu muna kallo suna ƙyalli. Washegari da hantsi ya ɗaga motar da jak, ya jera duwatsu a ƙarƙashinta, ya kwance tayoyin gaba. Ya zare ɗan fin, ya sassauta noti da sifana, ya yi ta dukan gefen ƙarfen da guduma har tsohuwar gaɓar dama ta saki. Ya wanke wurin da kananzir, ya cusa sabuwa, ya ɗaure, ya ɗura mata giris. Saura ta hagu.

Ana cikin haka sai ga Baba Labbo daga Shagari a kan keke. Shi ne ubangidan babana. Shi ya koya masa tuƙi tun yana karen motarsa, a akushinsa ya ci tuwo shekara da shekaru, shi ya shige masa gaba wajen neman auren mahaifiyata. Babana ya fito daga ƙarƙashin mota ya durƙusa. Bayan doguwar gaisuwa tsohon ya ɗauki sabon ƙarfen da ya rage, ya juya shi a tafin hannu, ya yi ajiyar zuciya. Bai roƙa ba. Cewa kawai ya yi, "Tawa kam tana can bisa duwatsu, har kaji sun hwara ƙwai ƙarƙashinta."

Babana bai ɗaga kai ba ya ce, "Baba, ɗauki wanga. Ta hagu da sauranta."

Ina nan tsaye na ji. Inna ma ta ji daga bayan danga.

Da magariba babana ya koma ƙarƙashin mota da fitilar ƙwai. Abin da direbobin lokacin ke yi in babu sabo shi ya yi. Ya yanko guntun jar fata ya cusa cikin kwamin tsohuwar gaɓar, ya bubbuga bakinta da guduma don ta matse, sannan ya naɗe ta da robar tsohon tif. Ba shi da halin jira. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, ga albasar mutanen Shagari jibge tana jiransa, ya riga ya yi musu alkawari zai kai ta Sakkwato. Albasa kuwa in ruwa ya taɓa ta, wahalar rani gaba ɗaya ta tashi a banza.

Daren nan Inna ba ta jira mun roƙe ta ba. Ta ce, "Ga ta nan tahe, ku tarbe ta." Muka ce ta iso mu ji ta. Sai ta fara da murya mai ƙarfi, ba irin wadda ta saba ba, har mahaifiyata ta leƙo daga ɗaki.

Wai an yi wani saurayi mai hawan kuka yana ɗebo wa garinsu zuma. Da igiya biyu yake hawa, duka sun tsufa. Da ƙyar ya samu sababbi biyu, sai wanda ya koya masa hawa ya zo ya yaba su, shi kuwa ya miƙa masa ɗaya. Ya ƙulla tsohuwar ya ci gaba da ita. Kullum in ya taka, igiyar sai ta ce, "Ƙis, ƙis, na gaji." Babu mai ji sai uwarsa. To amma ɗan fari ne, ba ta iya yi masa magana. Sai ta tafi wurin kaza ta ce, je ki ce wa wancan igiyarsa na kuka. Kaza ta kama hanya, ta ga tsaba, ta ba akuya saƙon. Akuya ta ga ganyen gawo, ta ba jaki. Inna tana kwaikwayon tafiyar kaza da wuyanta, mu kuwa har da birgima don dariya. Jaki ya isa gindin kuka, saurayi ya riga ya yi nisa sama. Ya buɗe baki zai faɗi saƙo, abin da ya fito sai kukansa na jakai, mutane suka kore shi da duwatsu.

Nan Inna ta tsaya. Muka ce, "Sai mi, Inna? Ya hwaɗo?"

Ta ce, "Ban sani ba tukuna. Mai igiya shi ka da sauran labari."

Sai a lokacin na lura gudumar bayan danga ta yi shiru, ban san tun yaushe ba. Can sai muka ji muryar babana a hankali. "Kulu, ce ma mai tatsuniya an ji. Zuma guda ta rage bisa. In ya sauko da ita, shi aje igiyar."

Na juya na maimaita mata ina dariya, a zatona ya shigo wasanmu ne. Inna ta ajiye mazari, ta watsa wa wutar ƙasa, ba ta ko rufe tatsuniyar da ƙurunƙus ba.

Da asuba ya tafi. Ya ce wa karen motarsa ya zauna gida ya huta. A Shagari aka loda albasa, masu kaya suka zo za su hau bisa buhuna kamar yadda aka saba, ya hana. Aka yi ta magiya, har wani ya ce direba ya fara girman kai, ya dai kafe. Ya ce su biyo shi a motar da ke baya. Shi kaɗai ya taso. A wajen Lambara, daidai gangaren wani kwalbati, gaɓar hagu ta fice daga kwaminta, taya ta karkace, motar ta kifa cikin kwazazzabo. Da la'asar aka kawo shi. Abin da na fi tunawa shi ne warin albasa da ya cika zauren gidanmu, har bayan an yi masa wanka.

Mahaifiyata ta yi kuka har muryarta ta dishe. Inna ba ta yi ba, don uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban mutane. Tana zaune a ƙuryar ɗaki tana jan carbi, masu ta'aziyya na shiga suna fita. Sai da mutanen Shagari suka ba da labarin yadda ya hana kowa hawa, sannan na ga carbin ya tsaya a hannunta. Ta ce, "Ashe ya ji."

Ranar uku Baba Labbo ya zo. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ajiye wani abu naɗe a takarda mai maiƙo. Sabon ƙarfen nan ne, ko ɗaura shi bai yi ba, motarsa na jiran wani kayan dabam da bai iso ba. Tsohon yana kuka kamar yaro yana cewa, "Da ya ce min a'a! Wallahi da ya ce min a'a, da ban ji komi ba." Inna ta ce masa, "Tashi, Labbo. Ɗa ba shi ce ma ubangida nai a'a. Haka munka koya mai."

Bayan arba'in, wani dare bayan isha'i, ta sake jawo tabarma bakin murhu. Ba wanda ya roƙe ta. Ta ɗauko tatsuniyar mai zuma tun daga farko, da ƙaramar murya, babu kwaikwayon kaza. Da ta zo inda uwar ta ji kukan igiya sai ta ce, "Wanga karo ba ta nemi kaza ba. Ta tashi da ƙahwahunta, tat tahi gindin kuka, ta ɗaga kai tac ce..." Sai Inna ta juya fuskarta ga danga, inda motar ta saba kwana, ta ɗaga murya.

"Ummaru! Sauko!"

Ranar na fara jin sunan babana a bakin uwarsa, kuma ban sake ji ba har ta rasu. Muka yi tsit muna saurare, kamar za a amsa. Babu abin da ya motsa sai karan da ke ci a wuta.

Na daɗe ina fushi da su duka, ba na ɓoyewa. Na yi fushi da Baba Labbo da bai roƙa a fili ba balle a hana shi, da babana da bai iya cewa a'a ba, da Inna da ta tsaya yi wa yara tatsuniya alhali taku uku ne tsakaninta da ɗanta. Sai da na girma na haihu na gane babu mugu a cikinsu. Kowa ladabinsa ya yi, kuma na san kwana Allah ke yankewa. Inna ta yi iyakar ihun da aka bar mata, shi kuma ya ji, har ya tsirar da duk wanda zai hau bayansa. Kansa ne kawai bai ga yana da ikon tsirarwa ba.

Ɗana na fari sunan babana ya ci. Kunya biyu ke nan a kaina, ta ɗan fari da ta sunan uba, kuma duka na ajiye su. Matan unguwa sun yi ta gulmata, wai Kulu ba ta da ta ido. Yanzu shi ma yana da 'yar motarsa. Kwanan baya ya zo gaishe ni, yana hawa gargadar ƙofar gida na ji ƙwas, ƙwas daga ƙafar gaba. Jikokina na zagaye da ni, kowanne zai iya kai saƙo. Na dafa sanda na fita da kaina, na dube shi cikin ido a gaban abokansa.

Na ce, "Ummaru, sauko."