Ranar da Na Ari Rawani Na Zama Malam Isiyaku

Ko rubutun mantuwa aka wanke mini na sha, ba zan manta da wata Asabar cikin marka ba, shekarata ta biyu ina masinjan elementare a wani gari na ƙasar Dutse. Ku sababbin masinjoji da nake ji kuna cewa malamin makaranta zaman inuwa kawai yake yi, ku matso. Ni Ɗanlami na riga ku faɗin wannan magana, kuma na ci gidanku a iya faɗinta.

Bari in fara gaya muku yadda abin yake, saboda waɗanda ba su san aikin ba. Makarantar ɗaki ɗaya ce ta ƙasa, da rumfa a gaba. Ta En'e ce, wato hukumar Sarki, Hakimi ne ke sa ido a kanta, amma mai yanka da gaske shi ne Baturen makarantu, wanda yake fitowa rangadi daga Kano sau ɗaya ko biyu a shekara. Mu Mai Lofe muke ce masa, don ba a taɓa ganin bakinsa ba tukunyar taba. Malami ɗaya ne tak, Malam Isiyaku. Ƙarƙashinsa sai ni, ƙarƙashina sai tsintsiya. Aikina in share ɗaki, in baje yashin da yara suke koyon rubutu a kai da yatsa, in kai takarda, in buga guntun ƙarfen jirgin ƙasa da aka kawo daga Ringim aka rataye a jikin dabino. Ni ma na taɓa zama a makarantar, shekara ɗaya da 'yan watanni, na gudu daidai lokacin da aka fara rubutun haɗi, wannan da baƙaƙe suke riƙe hannun juna kamar 'yan gaɗa. Rarrabe nake iya karantawa, shi ma sai na sa yatsa.

Malam kuwa ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai a garin. In ana suna, malaman allo su hau buzu, shi a nuna masa gefen tabarma wajen takalma. Mata in sun hango shi sai su tura 'ya'yansu cikin rumbu. Ni ma ban bar shi ba. A bakin kasuwa nake kwaikwayon tafiyarsa, ina cewa a ba ni alli da inuwa, ni ma na zama Malam kafin azahar.

To ga abin da ke ƙasa. Zuwan Mai Lofe na bara ya tarar da yara tara kacal, saura suna gona. A gabana ya ce, in ya dawo ya sake samun ɗakin nan wayam, zai rufe makarantar ya mayar da ita wani gari, Malam kuma ya nemi abin yi. Tun daga ranar Malam bai huta ba, gida gida yake bi yana lallashin iyaye har ya tara yara ashirin da biyu a rajista, wato littafin sunaye. Ni a lokacin yawo na ɗauka yake yi.

Ran Alhamis aka aiko Mai Lofe zai iso Asabar da hantsi. Ran Juma'a ba makaranta, ni kuma na tafi kallon dambe wani ƙauye. Ran Asabar da sassafe na biya gidan Malam karɓar mabuɗi, sai na same shi kwance a zaure, ƙafar dama a kumbure kamar turmi. Kurkunu ya fashe masa a idon sawu, an kama kan tsutsar an naɗe a tsinke.

Ya ce, "Ɗanlami, ungo mabuɗi, ungo takardar nan. Bature yana isowa ka miƙa masa hannu da hannu. Ka ji ko?"

Na ce, "Na ji, Malam. Allah ya sawwaƙe."

"Kar ka yi mini wayo."

"Haba Malam, ni?"

Ban kai bakin rijiya ba na buɗe ta. Rubutun haɗi ne, kaico. Na juya ta, na sa yatsa, da ƙyar na tsinci kalma huɗu: kurkunu, ba zan iya. Na ce shi ke nan, bawan Allah ya kai ƙarar kansa da kansa! Wannan ai gaskiyar da ba ta da amfani ce. Na ninke takarda na cusa a hula.

Na je na buɗe makaranta, na buga ƙarfe. Shiru. Na sake bugawa har hannuna ya yi zafi. Ko akuya ba ta leƙo ba. Na ce lallai, 'yan banza sun ji Malam ya kwanta, kowa ya kama gabansa.

Nan fa wayona ya tashi. Ni na sha bin masu jangali ruga, na san Bature. Kai yake ƙirgawa. Saniya ba a tambayarta sunanta, a duba a ce ɗaya, biyu, uku, a rubuta a wuce. To in kai ake so, kasuwa na ci yau. Batun malami kuma, na sha jin ana cewa Turawa ba sa bambance fuskokinmu. Na ruga gidan Kawu na ari babbar rigarsa ta Idi da rawani ba tare da ya sani ba, na biya wajen Gwaggo na kwashe mata ƙuli rabin ƙwarya, na shiga kasuwa.

"Kai, zo nan! Kana son ƙuli biyu? Zama kawai za ka yi a inuwa ka yi shiru."

Kafin hantsi ya ɗaga na kora yara goma sha tara cikin ɗakin. Akwai Gambo ɗan mai ƙosai, akwai 'ya'yan maƙera biyu da baƙin gawayi har kunne, akwai wani ɗan Fulani da ya rako uwarsa tallan nono, shi ko Hausar ma kame-kame yake. Na naɗa rawani, na ɗau alli, na ce yau za a ga aikin inuwa.

'Yan'uwa, ban taɓa sanin sa'a biyu tana da tsawon shekara ba. Na raba musu sunaye daga rajista, na ce kai ne Audu, kai ne Sale. Kafin in kai na ƙarshe na farko ya manta nasa. Na ce su ce "a". Rabi suka ce "a", rabi suka ce "ina ƙulin?" Na juya in rubuta a allo, 'ya'yan maƙera suka kaure da kokawa a kan yashin da na baje. Na raba su, na waiwayo, wani ƙarami ya cinye allin. Wani ya yi fitsari a inda yake zaune, na kusa da shi ya tashi yana ihu. Ɗan Fulani ya haye taga zai dira, na cafko ƙafarsa, rawani ya warware ya naɗe mini wuya. Na daka tsawa irin ta Malam. Wallahi dariya suka yi. Shi Malam ko tsawar ma ba ya yi, gyaran murya kawai zai yi ka ji ɗaki kamar masallaci, ni kuma duk zaman nan na ɗauka ai haka yara suke, shiru-shiru.

Ina cikin ɗaura rawani na ji takun doki. Mai Lofe ya sunkuyo ya shigo, akawunsa na biye da littafi, sai Baba Jatau dogarin Hakimi da ya yi musu jagora. Baba Jatau ya dube ni, ya buɗe baki, na ƙifta masa ido, ya rufe.

Na ce, "Ku miƙe!" Mutum huɗu suka miƙe. Ɗaya ya fashe da kuka, bai taɓa ganin Bature ba.

Mai Lofe ya ƙare mini kallo tun daga rawani har rigar da ke jan ƙasa. Hausa a bakinsa kamar a kasuwar Kurmi ta Kano aka yanke masa cibi. Ya ce, "Malam Isiyaku, sannu da aiki. Bara na bar ka da furfura a gemu. Yanzu ba furfurar, ba gemun."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwan garin nan ne. Yana da kyau ƙwarai."

"To madalla. Ba ni rajista."

Ashe ba jangali ba ne. Ya kira Audu, mutum uku suka amsa. Ya kira Sale, ba wanda ya motsa. Ya nuna Gambo da lofe ya ce ya fito ya rubuta sunansa a yashi. Gambo ya tsuguna, ya fito da harshe, ya daɗe yana aiki. Muka leƙa. Ƙadangare ya zana, har da jela.

Bature ya ce, "Yaro, wa ya koya maka wannan?"

"Ni na koya wa kaina."

"Me ya kawo ka nan?"

"Ɗanlami masinja ne ya ce in mun yi shiru zai ba mu ƙuli biyu-biyu. Har yanzu ɗaya ya ba mu."

Ban ji zafin tonon asirin ba kamar abin da ya biyo baya. Mai Lofe bai yi faɗa ba. Ya rufe rajista a hankali, ya juya wajen akawu ya ce, "Rubuta. Ba malami, ba 'yan makaranta ko ɗaya. An tara 'yan kasuwa don a rufe mini ido. Makaranta ta mutu." Na ga alƙalami ya fara tafiya. Mutumin da na zo ceto, ni na yanka shi, kuma za a rubuta masa ha'incin da bai san da shi ba.

Na zube ƙasa, na tuɓe rawani, na zaro takarda daga hula, ta jiƙe sharkaf da gumi. Na ce, "Ranka ya daɗe, Malam bai san komai ba, wallahi. Wannan ya ce in ba ka, ni na ɓoye."

Ya karanta, sannan ya dube ni. "Ka karanta ta?"

"Na karanta abin da ya samu."

Sai ya karanto da ƙarfi. Malam cewa ya yi kurkunu ya kama shi, ba zai iya takowa makaranta ba, don haka tun jiya ya aika gidajen yara su taru a zaurensa, yana roƙon a daure a je can a duba su.

Baba Jatau ya ce, "Kai amma an yi ɗan banza a nan."

Muka ɗunguma zuwa gidan Malam, Bature a gaba, ni a baya ina tattare riga, 'yan ƙuli na biye da ni suna neman cikon nasu. Tun daga nesa muka jiyo karatu. Zauren nan cike, yara ashirin da biyu ba wanda ya yi fashi, har waɗanda iyayensu ke gona a tsakiyar marka. Da kansu suka ɗebo yashi a ƙore suka baje. Malam yana kishingiɗe, an ɗora masa ƙafar a kan kifaffen akushi, gumi na zubo masa saboda raɗaɗi, yana ba wasu lissafi, yana sauraron karatun wasu, ba ko allo. Idonsa a rufe ya ce, "Sale, ka tsallake layi, koma." Sale ya koma.

Mai Lofe ya tsaya a bakin ƙofa. Ya cire lofe daga baki, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, sannan ya yi sallama. Baba Jatau ya raɗa mini, "Ka ga wannan? A wajensu tuɓe takalmi ke nan. Ko a gaban Hakimi ban ga ya yi ba." Maƙwabta da suka taru kallo duk sun gani.

Ya zauna a kan turmi ya gwada yaran ɗaya bayan ɗaya har rana ta take. Wanda aka ce ya karanta ya karanta, wanda aka ce ya rubuta ya rubuta, ba ƙadangare ko ɗaya. Ya ce wa akawu ya yage takardar ɗazu. Sannan ya ba Malam labarin abin da na aikata, ya ce, "Me kake so a yi da masinjanka? In ka ce a kore shi, yau ya tafi."

Malam ya ɗago ya dube ni cikin rigar Kawu. Ya ce, "Yara nawa ya tara?"

"Goma sha tara."

"Da safe ɗaya? Ni shekara guda ina yawo kafin in sami haka. Ranka ya daɗe, a bar mini shi. In ƙafa ta warke zai raka ni gidajen iyayensu. Kafin nan kuma ya tuɓe rigar mutane, ya shigo ya zauna kusa da Sale. Inda ya gudu ya bari, nan za mu ɗora."

Haka aka yi. Ƙato da ni, na zauna cikin yara ina koyon rubutun haɗi, suna mini dariya. Da ƙafa ta warke muka bi gidajen nan, na ga yadda ake zaginsa a zaure ya yi murmushi ya koma washegari. A cikin goma sha tara ya samu bakwai, har da Gambo, wanda yanzu ya fi ni hannu. Uwarsa har yau ba ta sayar mini da ƙosai. Kawu kuwa ya yi mini dukan da ban iya zama a kan yashin ba kwana uku. Da aka yi suna gidan Baba Jatau bayan kaka, na ga da idona an matsa wa Malam a kan buzu, ya hau ya zauna cikin malaman allo.

Abin da na koya ke nan. Takarda in an ba ka, kai ta, kar ka taya mai ita tunani. Malami kuma in kun wuce shi zaune da alli a hannu, yara sun yi tsit a gabansa, ku rusuna ku gaishe shi da kyau, don shirun nan da kuke ji ba daga sama ya faɗo ba. Ni na zauna a inuwar nan tasa sa'a biyu. Wallahi rana ta fi ta sanyi.