Rigar Duwatsu Uku

Ƙas! Ƙarar da na ji ke nan ina tankaɗe a tsakar gida. Na waiwaya, sai ga Iya, uwar maigidana, tana karyar kara daga jikin dangarmu za ta hura wuta. Ba ta dube ni ba, ni ma na sunkuyar da kai. Gidan da aka fara cin danga, icce ya ƙare ke nan.

Bayan shekarun fari ne. Dajin da muke shiga tsakanin Madarumfa da Gabi ya ja baya, mace ta fita da hantsi ba ta dawowa sai azahar, da ɗan abin da bai kai dami ba. Masu amalanken jaki kuwa sai su wuce mu da lodin icce su nufi Maraɗi.

Da maigidan ya ga ɓarakar danga, ya ce babu makawa, bedin tsakar gida, wato dogon yaro, za a sare, zai kira mai gatari bayan salla. Maigidan da kansa ya dasa bedin nan ranar sunan ɗiyata ta fari. Tare suka tashi, tana kiransa tagwainta, kullum da safe sai ta kai masa ruwa a ƙoƙo. Ni kuwa bakina a ɗaure. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta tsaya gaban surukarta tana roƙo dominsa. Sai dai na kai kukana wurin Allah.

A kwanakin ne wasu mata na wata ƙungiya suka zo, suna bin gida gida a kan maganar tsimin icce. Suna neman hukuma ta hana saran itatuwan bakin tafki, ta kuma taimaka a gina wa mata murhun laka. Da yake na yi lakwal, wato boko, har kwaleji, na raka su wurin supurefe, shugaban gundumarmu, na juya maganar matan unguwa zuwa Faransanci. Ya saurara, ya ce za a duba. Ni dai murhun ne ya tsaya mini a rai.

Iya ta ce atafau. Duwatsun nan uku na murhuna ita ta kafa su da hannunta ranar da aka kawo ni, kuma ba a tayar da murhun matar aure sai in fita za ta yi. Ranar da babbar matan ƙungiyar ta shigo da kwandon laka, wata doguwa mai yawan dariya, Iya ta ja kujera ta zauna gaban murhu kamar mai gadi.

"Iya, wa ya ce za mu taɓa miki su?" in ji matar. "Riga za mu yi musu. Tsofaffi ne, sanyi suke ji."

"Ke dai bakinki ya fi hannunki aiki," in ji Iya, amma ta ɗan matsa.

Muka cuɗa laka da kashin jaki da ƙaiƙayi. Aka ɗora tukunyar tuwo bisa duwatsun yadda suke, aka zagaye su da gini har wuyanta, aka bar ƙofa guda ta sa icce. Matar ta ja mini kunne kada in kai wuta sai ya bushe sarai, in ba haka ba zai tsage. Salla na matsowa, ni ina taɓa laka safe da yamma, ina girki a gidan maƙwabta.

Jajibirin salla na yi bisimilla na hura. 'Yan ƙirare kaɗan na sa, wuta ta tattaru ƙarƙashin tukunya, iska ba ta kwashe ta ba. Tuwo ya nuna, na ɗora miya a kan garwashin. Iya ta leƙa ta ƙofar murhun, ta ga duwatsunta suna nan, ta ce ai daman duwatsu ne masu albarka.

Mai gatari ya zo bayan salla kamar yadda aka yi. Maigidan ya dubi ragowar iccen da ke jingine, ya dubi bedin, ya ce ya rage rassan da suka hau rufin ɗaki kawai, su ma za su kai mu nesa. Na shige madafa na yi hamdala, ina share ido, ga shi babu hayaƙin da zan ɗora wa laifi.

Ɗiyar ta biyo ni da ƙoƙonta. Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannena suna faɗa.

"Yaya, aski kawai aka yi masa. Zuba mini ruwa, ya ji tsoro."