Takin Bola a Gonar Baba

Kowane rani mukan kwashi bolar unguwarmu a Funtua, mu loda wa jaki a mangala, mu kai gonar Baba a hanyar Maska. Toka ce da kashin awaki, ƙasa na so. Sai leda ta shigo gari.

Wata damina muna huɗa, garma ta riƙa tono baƙaƙen ledoji. Na ce, "Baba, ashe bana leda muka shuka? Ga ta ta fi masarar kyau."

Bai yi dariya ba. Ya tuge wata masara da ta ƙi girma, saiwarta duk ta cukurkuɗe cikin leda. Muka yini muna tsinta, ba mu gama kunya biyar ba.

Da rani ya zagayo, bolar nan muka koma. Ba mu da wani takin.