Lilon Auta Tsakanin Azahar da La'asar

Ni da bakina na ɗauki alkawarin, babu wanda ya sa ni. A asibiti ne, ƙarshen damina, autata tana kwance an ɗaura mata ƙarin ruwa kwana na huɗu ke nan. Shekarunta tara a lokacin, kuma da sikila aka haife ta. Duk wanda ya reni mai sikila ya san yadda ciwon yake. Ya kama ƙashi ya yi ta sara, yaro yana ihu, kana tsaye a kansa ba ka da abin ba shi sai sannu. Ranar da ta ɗan samu sauƙi ta juyo ta ce, "Umma, 'yan ajinmu sun je gidan wasa ko?"

Sun je. Makarantarsu ta kwashe su a mota, ni kuwa na hana tawa saboda na ga hadari ya haɗo. Abin da ya ƙona min rai shi ne, na hana ta, kuma ciwon bai fasa zuwa ba. Sai kawai na ji bakina yana cewa, "Wallahi in Allah ya tashe ki ni zan kai ki da ƙafata, kuma babban lilon nan mai kai mutum sama za ki hau." Ta yi murmushi ta koma barci, ni kuma na zauna ina tambayar kaina wa ya aike ni.

Da za a sallame mu na tambayi likita. Ya ce ba a hana ta wasa ba, amma jininta ya yi ƙasa, a bar ta ta murmure tukuna. Sannan in kiyaye mata zafi mai tsanani, da dukan ruwan sama, da sanyi, musamman mai haɗe da iska. Na ce, "Likita, ai ka cinye shekarar kaf, me ka rage mana?" Ya yi dariya ya ce akwai tsakar rana a lokacin sanyi, in iska ta kwanta, ba zafi ba sanyi. Kafin Auta ta mayar da jikinta kuwa sanyin ya shigo.

Wata Talata na dawo daga barka, sai na ce da mai adaidaita sahu ya bi da ni ta gidan wasan, can bayan gari. Na tarar da wurin tsit, liluka a tsaye, wani dattijo mai sayar da tikiti yana gyangyaɗi a kan benci. Na gaishe shi na tambaya. Ya ce, "Hajiya, ba ma tayar da inji sai bayan La'asar, in mutane sun taru." Bayan La'asar kuwa a lokacin sanyi shi ne daidai lokacin da nake kora Auta ɗaki. Na yi tsaye kamar zan yi kuka. Da ya ga haka sai ya ce, sai dai ranar Asabar, makarantu sukan kawo ɗalibai, to ranar da ƙarfe ɗaya ake kunnawa. Wato a duk mako awa biyu zuwa uku nake da su, daga Azahar zuwa La'asar, su ma sai in garin ya yarda.

Ban yarda da abin da waya ke faɗa kan yanayi ba. Ta taɓa ce min rana za a yi, na yi shanya, ruwa ya yi min wanki na biyu. Don haka na koma ga abin da na sani. Duk macen da ke girki ta san manja yana barci in sanyi ya yi, ya daskare a kwalba sai ka kai shi bakin murhu. Na zuba kaɗan a ƙaramar kwalba na ajiye a tsakar gida, kullum ina duba lokacin da zai narke. Ran da ya farka kafin Azahar na san garin da ɗumi, ran da ya kai ƙarfe biyu yana barci na san ba ranar fita ba ce. Sati biyu ina wannan aikin, har na ga kwana uku a jere yana narkewa tun sha ɗaya. Na ce alhamdu lillahi, Asabar mai zuwa sai tafiya.

Gidanmu a Madabo yake, cikin birnin Kano, tsohon ginin ƙasa, muna tare da surukata Hajiya, mahaifiyar maigidana. Tun farko ba ta son tafiyar. Ta ce su da suka girma ba su hau lilon inji ba, kuma ba abin da ya ragu a jikinsu. Ranar Alhamis tana zaune a tabarma tana shan hantsi, ta ga na ɗaga kwalba ina dubawa, sai ta ce, "Wai ni kam, shi lilon a tsakar gidan nan aka kafa shi?"

Na ce, "A'a, Hajiya."

"To ke da kike awo a cikin kwano. Katanga ta tare nan, ta tare can, lungu ya karya iska kafin ta iso. Can kuwa fili ne fetal, kuma kin ce sama abin yake kai mutum. Sama ai ba katanga."

Raina ya ɓaci, don ba na son a gyara min lissafi, balle mutumin da bai taya ni ba. Amma gaskiya ta faɗa. Mu 'yan cikin gari ba mu san sanyi ba, wanda ya biyo lungu ya gaji shi muke samu. Da na bi kwalbar nan da na ɗauki yarinya na kai ta tsakiyar iska da hannuna.

Sai na ce to a kai kwalbar saman soro. A unguwarmu ba a hawa sama haka kawai, don in ka hau kana ganin tsakar gidan mutane. Sai an aika maƙwabta an ce za a hau, mata su kintsa. Maigidana tun safe yake tafiya rumfarsa a Kasuwar Kurmi, ba ya dawowa sai Magariba, don haka ni ce mai hawa. Na leƙa gida uku na faɗa. Maƙwabciyata ta ce, "Ke za ki hau? Yaɓe za ki yi?" Na ce manja zan kai. Ta dube ni ta ce Allah ya ba ni lafiya.

Na ɗaure zani tamau na taka tsani ina salati. Kaina na leƙawa sama iska ta fizge min ɗankwali. Ikon Allah! A ƙasa Hajiya tana fifita, a sama haƙorana suna haɗuwa. Na ajiye kwalbar, na ɗaura ƙyalle a jikin zankon soron yadda zan riƙa hango shi daga ƙasa. Ranar har La'asar manjan sama bai farka ba, ƙyallen kuwa a miƙe yake yana kaɗawa.

Na ce da Auta an ɗaga tafiya. Ba ta yi rigima ba a karon farko. Asabar ta biyu ma iska ba ta kwanta ba. A ta uku ta riga ta sa takalmi tun safe, da na girgiza kai sai ta cire shi a hankali ta ce, "Umma, in ba za a je ba ki faɗa min kawai, ba zan yi kuka ba." Da ta yi kukan da ya fi min sauƙi. Na shige kicin na yi ta hura wutar da ba ta mutu ba.

Maigidana mutum ne mai sanyin hali, shi ya sa wani lokacin yake ba ni haushi. Ya ce, "Ki bar wahalar da kanki da hawa sama, mata suna ta magana. In bana bai yiwu ba sai a bari baɗi." Na ce masa kar ya ƙara ce min baɗi. Na faɗa da ƙarfi, har Hajiya ta yi gyaran murya daga ɗakinta. Uwar mai sikila ba ta son wannan kalmar, kuma shi ma ya san dalili, don tare muke zaman layin asibiti muna ganin waɗanda suka daina zuwa. Washegari kafin ya fita kasuwa na ji shi yana gyara ƙafar tsanin da take rawa.

Tsorona ɗaya, sanyin Kano ba ya sallama in zai tafi. Yau kana cikin bargo, jibi kana neman mafici, kuma in zafi ya shigo magana ta ƙare. Tsakanin tafiyar iska da zuwan zafin 'yan kwanaki ne, su nake fako.

Ranar wata Laraba na fito na ɗaga kai, na ga ƙyallen ya saki jiki ya kwanta a jikin zanko. Alhamis haka, Juma'a haka, manjan sama yana narkewa tun kafin sha biyu. Ban faɗa wa kowa ba, tsoro nake kar in faɗa iska ta ji. Ranar Asabar na hau da hantsi, na tsaya a sama na cire mayafi don in ji da fatata. Rana mai daɗi, ko ganye ba ya motsi. Na sauko na ce, "Auta, sa takalminki."

Hajiya da ta ce ba ruwanta ita ta cika filas da kunu, ta kuma fito da hular sanyi daga adakarta ta ce, "Zo nan, ƙawata, in rufe kunnuwan nan." Na sa wa yarinya riga biyu da safa, na ɗauki gorar ruwa biyu. Muna idar da Azahar muka fita.

Muka tarar an tayar da inji, ɗalibai sun cika wurin da ihu. Dattijon nan ya gane ni, ya ce, "Hajiya, yau Allah ya yi?" Na ce ya yi. Auta ta fara da ƙananan motoci, ina binta da gora ina cewa kurɓi, tana cewa, "Umma, cikina zai fashe." Sannan ta nuna babban lilon. Na ce da mai kula da shi ba za ta hau ita kaɗai ba. Ya ce to bismillah, akwai wurin mutum biyu.

Ni da nake ganin na ƙware da hawa soro, ashe ban san sama ba. Abin yana ɗagawa na runtse ido. Na damƙe ƙarfen da hannu biyu, duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa. Auta ma ta riƙe ƙarfen gam, amma ita dariya take, tana cewa, "Umma, buɗe idonki, ga Dala can!" Na buɗe ido ɗaya. Na ga dutsen, na ga garin shimfiɗe, amma abin da na fi dubawa shi ne leɓenta da farcenta, kuma lafiya lau suke. Na taɓa wuyanta, da ɗumi. Sau uku muka hau. Ana kiran La'asar na ce tafiya, ta roƙi na huɗu na ƙi, don na ga inuwa ta fara tsawo.

Na san ba a ranar ake gane an tsira ba. Ciwon yakan bari sai an koma gida an huta sannan ya zo. Don haka da mutanen gida suke ta yi mata barka ni ban amsa da zuciya ɗaya ba, jakar asibiti ma a shirye na ajiye ta bayan ƙofa.

Washegari da hantsi ina dama koko, sai ga ta ta fito tana riƙe da kafaɗa. Ta ce, "Umma, hannuna yana ciwo."

Ludayin ya faɗi cikin kokon. Na ce shi ke nan, na jawo wa 'yata. Na durƙusa na taɓa goshinta, ba zazzaɓi. Na duba idonta, fari tas. Na ce, "Ina ne? Cikin ƙashi?" Ta ce a'a, ba irin wancan ba ne, wancan daga ciki yake sara, wannan a sama yake, sai ta ɗaga hannu take ji. Hajiya ta taso da sandarta, ta matsa damtsen yarinyar, ta matsa ɗayan, sannan ta dube ni ta ce, "Ke ɗaga naki hannun mu gani."

Na ɗaga. Wayyo Allah! Kafaɗuna biyu kamar an yi min duka, tsoro ne ya hana ni ji tun safe. Daidai wurin da Auta ta nuna, nan nawa yake.

Hajiya ta ce, "Tsamin jiki ne. Kun je kun ƙanƙame ƙarfe kamar za a ƙwace muku, ba dole ba."

Na zauna daɓas a ƙasa ina dariya hawaye yana zuba. Shekara tara ina ce mata sannu a kan ciwon da ban san ɗanɗanonsa ba, yau ga shi abu ɗaya ne yake damun mu ni da ita, kuma ba komai ba ne. Auta ta tsaya tana kallonmu, ta ce, "Hajiya, kowa yana yin irin wannan?"

"Kowa da kowa, ƙawata. Jibi ma kin manta da shi."

Na miƙe na ɗauko man zafi, na ce ta kawo hannun in shafa mata. Ta ja da baya ta ɓoye shi a bayanta.

Ta ce, "Ki bar min shi, Umma. Ban taɓa yin irinsa ba."